Kafin Sallah Ta Matso

Jama'a, kada mu bari sai goman ƙarshe na azumi sannan mu tashi neman kayan sallah. A lokacin kasuwar Kantin Kwari ta cika maƙil, kaya sun yi tsada, tela ya daina karɓar ɗinki. Tun a Sha'aban ku rubuta waɗanda za ku yi wa, iyaye da yara a gaba, ku ware kuɗin. Kada ku ci bashi don burge kowa.

Fentin ɗaki don sallah kuwa, ku yi da kanku. Ku kankare tsohon, ku toshe tsaga da siminti, ku bari ya bushe sarai, don fenti ba ya kama bango mai danshi. Amma gyaran wutar lantarki, don Allah ku kira masu aikin.