Na'urar Da Ke Tura Oksijin Cikin Gyambon Masu Ciwon Suga

Gyambon ƙafa na cikin manyan dalilan da ke sa a yanke wa mai ciwon suga ƙafa. Ciwon yana kashe jijiyoyin ji, sai mutum ya taka ƙusa ko takalmi ya goge shi bai sani ba. Yana kuma toshe ƙananan hanyoyin jini, don haka iskar oksijin ba ta isa wurin raunin yadda ya kamata. Naman da ya rasa oksijin kuwa ba ya haɗewa, sai a shafe watanni ana wanki da ɗauri.

A nan ne na'urar oksijin mai matsi, wadda likitoci ke kira HBOT a taƙaice, take shigowa. Wata kamar doguwar ganga ce mai gilashi da mutum ɗaya ke kwanciya a ciki, wata kuma ɗaki ne guda da ke ɗaukar mutane da yawa. Ana rufe ta, a ƙara matsin iska zuwa ninki 2 ko 2.5 na wanda aka saba, kwatankwacin nutsewa mita 10 zuwa 15 a ƙarƙashin ruwa. Sannan mara lafiya ya shaƙi oksijin zalla, maimakon kashi 21 cikin 100 da ke cikin iskar waje.

Me ya sa sai da matsi? Jajayen ƙwayoyin jini dama a cike suke da oksijin, ba su da wurin ƙari. Matsin ne ke tilasta wa oksijin narkewa cikin ruwan jinin kansa, kamar yadda ake cusa gas a kwalbar lemo. Ruwan jinin yana iya kutsawa inda hanya ta ƙuntata. Oksijin ɗin na ƙarfafa fararen ƙwayoyin jini wajen kashe ƙwayoyin cuta, yana kuma taimaka wa sababbin hanyoyin jini su tsiro. Likita Ite Boerema na Amsterdam ya nuna ƙarfin wannan a 1960, lokacin da aladun gwajinsa suka rayu cikin na'urar bayan an zuƙe kusan duk jajayen ƙwayoyin jininsu.

Abin na buƙatar haƙuri: minti 90 zuwa 120 a kowane zama, kwana 5 a mako, sau 30 zuwa 40. Kunne kan toshe kamar a jirgin sama, suga kan faɗi, gani kan ɗan dishe na wani lokaci. Waya kuwa a ƙofa ake ajiye ta, haka agogo da abin sauraro na kunne, domin tartsatsi kaɗan ya isa ya tada gobara a inda oksijin ya yi yawa.

Sakamakon bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Nazarin Cochrane na 2015 ya gano gyambon ya fi saurin warkewa a mako 6 na farko, amma bayan shekara guda bambancin bai fito fili ba. Shirin inshorar Medicare na Amurka ma ba ya biya sai gyambon ya yi zurfi kuma an yi kwana 30 ana magani na yau da kullum bai yi ba. Daidaita suga, kankare mataccen nama da ɗauke nauyi daga ƙafar suna nan daram.

Su kuwa jakunkunan roba masu hurawa da ake tallatawa a intanet, matsinsu yakan tsaya wajen ninki 1.3, kuma hukumar FDA ta Amurka ta amince da su ne kawai don ciwon hawan tsauni.