Yadda Iyali Za Su Ƙwato Watan Disamba Daga Hannun Kasuwa da Tasha

Tambaya: Malam, ni uwar 'ya'ya huɗu ce, muna zaman haya a Sabon Gari, maigidana kuma yana da shago a kasuwa. Kowace shekara haka muke ƙarewa: ranar 24 ina wajen tela ina rigima, da dare ina bakin murhu har asuba, ranar Kirsimeti kuma ina gyangyaɗi a coci. Yara ba abin da suke tunawa sai sabon kaya da shinkafa, Janairu kuma ta same mu da bashi. Ina mafita?

Amsa: Salama a gare ki, 'yar'uwa. Wannan kuka naki kukan gidaje da yawa ne, daga Church Road har zuwa Fagge da No Man's Land, kuma ba ƙarancin bangaskiya ne ya jawo shi ba. Abin da ke faruwa shi ne, aikin da ya kamata a yi cikin wata biyu ana cusa shi cikin kwana uku, bikin da ikilisiya ta ba shi kwana goma sha biyu kuma ana so a ƙare shi a wuni ɗaya. Maganin da zan ba ki ke nan a dunƙule: ki ja aikin baya zuwa Nuwamba, ki tura bikin gaba zuwa Janairu, makonnin da ke tsakiya kuma ki bar wa jira.

Wannan jiran shi ake kira Adbent, lokacin sauraron zuwan Almasihu. Yana farawa ne a Lahadi ta huɗu kafin Kirsimeti, wadda kullum takan faɗo tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba, kuma da ita sabuwar shekarar ikilisiya take somawa a wurin Katolika da Angilikan da Lutaran. Wanda ya shiga babbar majami'ar Our Lady of Fatima ko Holy Trinity a wannan lokaci zai tarar karatun duka na shiri ne da tuba, ana jin muryar annabi Ishaya da ta Yahaya Mai Baftisma. Ko cocinku ba ya bin wannan kalanda sosai, babu abin da ya hana ku bin ta a cikin gida. Ku duba farkon Bisharar Luka, za ku ga mutanen da ke cikin labarin masu jira ne. Zakariya ya yi watanni bakinsa a rufe. Maryamu ta zauna wajen wata uku a gidan Alisabatu. Saminu da Hannatu sun tsufa a Haikali suna sauraro.

Mu fara da tela, tunda can ne hawan jini yake somawa. Telolin Fagge gwanaye ne, amma hannu biyu gare su, ga shi watan Disamba watan bukukuwan aure ne, ga wutar lantarki da ba ta da alkawari. Telan da ya karɓi ɗinkinki ranar 15 ga Disamba ya ce ki dawo ranar 20, kunyarki ya ji, bai faɗa miki gaskiya ba. Ki shiga Kantin Kwari tun ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, ki kai ɗinki, ki sa ranar karɓa kafin Lahadin farko ta Adbent. A yi wa yara da ɗan sarari, domin yaro yakan ƙara tsawo cikin wata biyu. Idan an riga an makara, a wanke na bara a goge. Ban taɓa jin an mayar da kowa daga ƙofar coci don atamfarsa ta bara ce ba. Maganar anko kuwa, idan Zumuntar Mata ta fitar da nata, ƙungiyar 'yan gari ta fitar da nata, dangi su ma suka fitar, ki zaɓi ɗaya, ki gaya wa sauran cikin ladabi cewa bana ba hali.

Kayan abinci da ba sa lalacewa ma haka. Shinkafa da wake sun fi sauƙi lokacin kaka, a Dawanau ko wajen masu shinkafar Kura. Mai da fulawa da sukari kuma a Singa, tun kafin cunkoso. Abin da za a bari zuwa makon ƙarshe shi ne kayan miya na 'Yan Kaba da nama. Nama kuwa watanda ta fi rufin asiri: gida takwas ko goma su haɗa kuɗi a sayi sa a raba, kowa ya san kasonsa tun da wuri. Kafin a kashe ko sisi, ki zauna da maigida a ware kuɗin makarantar Janairu da na haya, a ajiye su inda hannu ba zai kai ba. Abin da ya rage shi ne kuɗin Kirsimeti. Daidai ruwa daidai tsaki. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗi ya rage daraja, don haka wanda ya rage hidima ba ya bukatar ba kowa haƙuri.

Sai babbar magana, tafiya gida. Sabon Gari unguwa ce da aka kafa wajen 1913 domin baƙin da jirgin ƙasa ya kawo bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, saboda haka komawa gida a ƙarshen shekara a jinin unguwar yake. Wasu Onitsha da Aba suka nufa daga tashar New Road, wasu Kafanchan da Zonkwa da Jos, wasu Kaltungo ko Zuru, wasu kuma ƙauyukansu na nan kusa a Sumaila ko Tudun Wada. Zumunci abu ne mai kyau, ban ce a yanke shi ba. Amma ku yanke shawara tun Oktoba: bana za mu je ne, ko ba za mu je ba? Rashin yanke ta shi ke sa iyali su tsinci kansu a tasha ranar 23, kuɗin mota ya ninka, yara na kuka, direba bai yi barci ba don yana son ƙara sawu, hazon hunturu kuma ya rufe hanya. Idan za a je, a tashi da zarar an yi hutun makaranta, a yi tafiyar rana. In ba haka ba, a yi Kirsimeti a nan Kano a tafi bayan ranar 26. Mutanen Kagoro ma sai su riski bikin Afan na 1 ga Janairu. Akwai kuma iyalan da suka mai da tafiyar shekara bibbiyu, shekarar da ba su je ba su aika wa tsofaffi kuɗin motar. A ganina wannan dabara ce mai kyau, kuma kaka da ta sami buhun hatsi da kiran waya mai tsawo ba a yi mata rowa ba.

Akwai wata gaskiya da ba a cika faɗa ba: coci da kansa yana cikin masu cinye wa iyali Disamba. Godiyar kaka, kasuwar baza, gwajin waƙa na 'yan kwaya kusan kowane yamma, daren waƙoƙin Kirsimeti na reshe da na gunduma, taron matasa, rufe shekarar Zumuntar Mata, ga daren shiga sabuwar shekara. Kowanne mai kyau ne, amma idan aka tara su sai a wayi gari uwa tana coci, uba yana shago, yara suna hannun talabijin. Ki karɓi jerin shirye-shiryen tun farkon wata, ku zauna ku ja layi a ƙarƙashin waɗanda za ku je ku duka tare. Sauran a bar su. Ina roƙon fastoci da limamai da dattawan ikilisiya su ma su bar wa iyalai aƙalla dare uku a mako babu taro.

To, me za a yi da daren da aka ƙwato? Nan ne zuciyar al'amarin. A 1839, wani malamin coci a birnin Hamburg na Jamus, Johann Hinrich Wichern, yana riƙe da gidan yara marasa galihu. Kullum suna damunsa da tambayar yaushe Kirsimeti za ta zo, sai ya jera kyandirori a kan tsohuwar ƙafar keken doki, kowace rana a ƙara kunna ɗaya. Daga nan al'adar kyandirori huɗu na Adbent ta samo asali. Ba sai kin sayi komai na ƙawa ba. Ki sami faranti na ƙarfe, ki cika shi da yashi, ki kafa kyandir huɗu a ciki. Lahadin farko a kunna ɗaya, ta biyu a kunna biyu, haka har huɗu. Yashin yana da amfani: hunturu lokacin gobara ne, ɗakunan haya kuma a matse suke, don haka a nisanta farantin daga labule, kada kuma a tashi a bar wuta tana ci.

Bayan tuwon dare, a shimfiɗa tabarma, a kife wayoyi duka, har da ta Baba. Bisharar Luka sura 24 gare ta, daidai da kwanakin 1 zuwa 24 ga Disamba, sura ɗaya kowane dare. Amfanin wannan tsari shi ne yaro zai bi jaririn nan daga komin dabbobi har gicciye, a daren jajibere kuma ya iso labarin tashi daga matattu, sai ya gane dalilin da ya sa ake murnar haihuwar. Sura ta farko doguwa ce, aya 80, ana iya raba ta tsakanin safe da dare. Ga ƙananan yara kuwa, a zaɓi labari ɗaya daga surar ya isa. A bar yaran su yi karatun da kansu, ko da suna tuntuɓe. Wanda bai iya karatu ba shi ne mai hura kyandir. A yi waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi ko da harshen gida, kowa ya ambaci mutum ɗaya da za a yi wa addu'a, shi ke nan. Minti goma sha biyar. Kada Baba ya mai da shi wa'azi, kada kuma a yi amfani da shi wajen tone laifin da yaro ya yi da rana. Littafi Mai Tsarki cikakke yana nan da Hausa tun 1932, kuma yaran da aka haifa a Kano sau da yawa sun fi jin labarin a Hausa fiye da yadda iyayensu suke zato. Idan dare ɗaya ya kuɓuce, a ci gaba washegari ba tare da ramuwa ba.

Na san abin da maigida zai ce: Disamba ce kakar ɗan kasuwa, wanda ya rufe shago da wuri ya rufe wa kansa abinci. Gaskiyarsa. Ban ce ya rufe ba. Ina cewa ya sa lokacin dawowa ya riƙe shi, lissafin ciniki kuma ya jira sai an tashi daga tabarma. Idan dare ya gagara, a mayar da zaman asuba kafin a fita. Yaro da ya ga ubansa ya dawo a gajiye, ƙura har gira, amma ya zauna ya buɗe Littafi, ya koyi abin da makarantar Lahadi ba za ta iya koya masa ba.

Ranar Asabar a ba yara aikin hannu. Faransis na Asisi ne ya shirya kwaikwayon wurin haihuwar Yesu a Greccio ta Italiya a 1223, da ciyawa da sa da jaki na gaske. Yaranmu da suka iya ƙera mota da kara za su iya gina rumfa da komi, su mulmula tumaki da yumɓu. A bar komin babu kowa sai daren 24. Kuɗin nokawut, abin wasan nan mai fashewa, kuwa a hana. Unguwar da ta ji ƙarar bam na gaske a tashar New Road a Maris 2013 ba ta bukatar wannan wasa, akwai tsofaffi da gwauraye da har yau gabansu yake faɗuwa.

Kyauta ga mabukata a yi ta da wuri kuma a ɓoye. Ranar 21 ga Disamba 2024 mutane sun rasa rayukansu a turmutsitsin rabon abinci a wata majami'a a Maitama ta Abuja da kuma Okija ta jihar Anambra. Niyya mai kyau ce, amma tara mayunwata wuri ɗaya a kwanakin ƙarshe haɗari ne. Ku zaɓi gida ɗaya da kuka sani, gwauruwa ko wanda ya rasa aiki, ku kai musu mudun shinkafa da mai tun mako na biyu, yara su ɗauki kayan da hannunsu. Maƙwabta Musulmi da suka aiko da naman layya su ma a tuna da su. A ba mahauci Musulmi ya yanka dabbar, a kuma sanar da su haka, domin su ci da kwanciyar rai.

Ranar kanta a sauƙaƙa ta. Cincin da soye-soye a gama su tun ranar 22 ko 23, a raba aikin da maigida da yara maza, ba ke kaɗai ba. Ranar 24 a sauke tukunya kafin magariba, a tafi sujada ko a kwanta da wuri. Ranar 25 girki ɗaya ya isa. Sauran ziyara a baza ta, tunda ranar 26 ma hutu ce, kuma a kalandar ikilisiya bikin yana ci gaba har 6 ga Janairu, ranar tunawa da zuwan masanan gabas. Gidan kawu yau, gidan uban baftisma jibi, asibiti ko gidan marayu wata rana.

'Yar'uwa, kada ki ɗauki duka a shekara ɗaya. Bana ki riƙe biyu: ɗinki ya fito kafin Adbent, tabarmar dare kuma kada ta tashi. Yau da dare ki nuna wa maigida wannan shafi, ku buɗe kalanda ku sa ranar zuwa Kwari. Ubangiji ya ba gidanku salama.