Babur mai caji ba ya kuka in yana ciwo

Moton fetur yakan gaya wa mai shi abin da ke damunsa: ya yi tari, ya yi hayaƙi, ko ya ƙi tashi da safe. Mai caji shiru yake, ko lafiya ko ba lafiya. Shi ya sa nake ce wa duk wanda ya kawo min irinsa gareji a nan Madarumfa, kunne ba zai yi maka aiki ba, sai ido da hannu da hanci.

Tun da Nijeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023, fetur ɗin da ke shigo mana ta Jibiya da Ɗan Issa ya yi tsada, wasu suka fara waiwayar mai caji. Ban ga laifinsu ba. Sai dai mai sayarwa miƙa makulli kawai yake yi.

Ka fara da batir, don nan wutar take. Shafa akwatin kafin ka hau. In ya kumbura, ko ya tsage, ko ka ji wani wari mai kama da na man goge farce, ko kuma ka iske shi da zafi alhali a inuwa ya kwana, kada ka hau, kada ka sa shi caji. Batirin litiyom ba a so a caja shi in zafinsa ya haura digiri 45, mu kuwa a Afrilu da Mayu iskar gari kanta tana wuce 40. Wanda ya taso daga Maraɗi da tsakar rana ya jona caja nan take, zafi ya ɗora wa zafi. A bar shi ya huce tukuna.

Sai caja, inda na fi faɗa da mutane. Bakinta ya shiga rami ba shi ne ta dace ba. Karanta abin da aka rubuta a jikinta: batirin litiyom mai volt 48 galibi cajarsa 54.6 take bayarwa, mai 60 kuma 67.2, mai 72 ta ba da 84. Ta batirin dalma daban ce, ko da lambar ta yi kama. Aron caja wurin maƙwabci, ko sayen ta tebur don araha, shi ne yawancin abin da nake gani ya kashe batir. A birnin New York na Amurka, gobarar irin waɗannan batura ta ci rai 18 a 2023, a garin da motocin kashe gobara ke kowace unguwa. Balle gidan da ke da danni da rumbun kara. Kada a yi caji a ɗakin kwana ko a zauren da shi kaɗai ne hanyar fita, kada kuma a jona a je a kwanta. In ya fara hayaƙi, a fitar da yara, a yi nesa. Hayaƙin guba ne.

Totur kuma ka murɗa shi makulli yana kashe, ka sake. In bai koma da kansa ba, ƙurar hunturu ta cika shi, kana kunnawa zai fizge ka. A tuna, da an juya makulli babur ya tashi ko da ba a ji komai ba, kuma yaro na iya murɗawa.

Matse birkin gaba da na baya ka tura. A yawancinsu, matse birki yana yanke wutar injin. Ɗaga tayar baya ka gwada. Galibi injin a cikin wannan tayar yake, don haka taɓa notocin gefe biyu, ka duba wayar da ta fito ta nan ko ta goge. Iskar taya, ƙayar aduwa, fitila, kowa ya san wannan. Oda dai kada a raina ta: akuya da mai talla ba sa jin zuwanka. Hular kwano ma ba ta 'yan kabu-kabu kaɗai ba ce.

Da damina, in gulbi ya kawo ko ruwa ya kwanta a hanyar bakin tafki, duba zurfinsa. Ruwan da ya kai tsakiyar taya ya kai injin. In ya riga ya shiga, kashe makulli, tura shi da hannu, kada ka jona caja sai bakanike ya buɗe ya tabbatar ya bushe.