Darasi na Tara: Baurin Bagaruwa da Jan Zoɓo

Duk wanda ya tauna goro ko ɗanyar ayaba ya san bauri, wato ɗanɗanon nan mai busar da baki. Sinadarin da ke jawo shi ana kiransa tanin. Aikinsa shi ne kama furotin ya tsuke shi.

Majeman Kano da Sakkwato sun daɗe suna cin moriyarsa. Sukan daka 'ya'yan bagaruwa su jiƙa fata a ruwansu. Tanin ya kama furotin ɗin fatar, sai ta daina ruɓewa. Haka kuma yake tsuke hanji, shi ya sa masu maganin gargajiya suke ba da bagaruwa ga mai gudawa. Amma yaro mai gudawa ruwan gishiri da sukari yake bukata da farko.

Tanin yana da illa. Wanda ke cikin shayi yakan kama sinadarin ƙarfe na wake da alayyafo, ya hana jiki amfana da shi. Don haka mai ƙarancin jini, musamman mai juna biyu, ya dakata kamar awa 1 bayan cin abinci kafin ya sha shayi.

Tanin yana da 'yan'uwa, wato filabonoyid. Su ne ke ba zoɓo jan launinsa. Bincike ya nuna zoɓo yana ɗan rage hawan jini, sai dai ba ya maye gurbin maganin likita.

Tambayoyi
1. Mene ne bauri?
2. Yaya majema suke amfani da bagaruwa?
3. Me ya sa mai ƙarancin jini zai jinkirta shan shayi?