Na Sauya Sensa, Fitila Ba Ta Mutu Ba

Tambaya: Malam, na sa sabuwar sensar oksijin a Toyota Corolla tawa, amma fitilar gargaɗi tana nan, mota kuma sai ƙara shan mai take yi. Mene ne dalili?

Amsa: Ya ɗan'uwa, ka sani cewa wannan na'ura shaida ce kawai, wadda ke gaya wa kwamfutar mota adadin oksijin da ya saura cikin hayaƙi, saboda haka idan salansa ta tsage a gabanta, iskar waje tana kutsawa, to, ko sabuwa fil ce za ta ba da shaidar cewa mai ya yi ƙaranci, kwamfuta kuwa ta ƙara zuba shi babu ƙaƙƙautawa. Ka sa makanike ya tayar da inji da safe, ya saurari huci, ya nemi baƙin toka a mahaɗar bututu.

Bayan haka, wajibi ne a tabbatar ba a musanya sensa ba, domin sensar gaban matatar hayaƙi da ta bayanta aikinsu ya sha bamban, alhali kamanninsu ɗaya. Jabu kuwa, wallahi, ta cika kasuwa, gara Denso ta asali ko da tsada.

Daga nan a jona kwamfutar bincike, a goge tsohon laifi, a ga abin da zai dawo. In lambar laifin P0135 ce, a duba fis da wayar da ke ɗumama sensar. In kuwa P0420 ce, galibi matatar ce ta mutu, ko kuma an riga an ƙwaƙule cikinta an sayar.