Yankan Ƙwallo da Bayan Hannu a Wasan Tanis

Sau da yawa ɗalibanmu na Katsina sukan faɗi a gasa domin abokin karawa ya gane bayan hannunsu ba ƙarfi. Maganin wannan shi ne yanka.

Mu riƙe raket kamar ƙotar gatari, mu juya kafaɗa wajen raga. Mu ɗaga raket bisa ƙwallo, fuskarsa tana ɗan duban sama, sa'an nan mu shafo ta ƙasa da gaba. Kada mu sara. Ƙwallo za ta tafi tana juyawa baya, ta zame ƙasa-ƙasa, tilas abokin karawa ya sunkuya.

Da yanka Steffi Graf ta Jamus take tsare bayan hannunta, ta kuwa cinye manyan gasa huɗu a 1988. Mu nemi bango, bugu hamsin kowace yamma.