DARASI: HAƘƘIN JIKI A LOKACIN JARRABAWA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, mun san nauyin da ke kanka. Ga WAEC da aka kafa a 1952, ga JAMB ta 1978, ga NECO ta 1999, kowace na jiranka. Ana neman kiredit 5, har da Turanci da Lissafi, sannan makin JAMB. A 2025 fiye da ɗalibai miliyan 1.5 daga cikin kimanin miliyan 1.9 ba su kai maki 200 bisa 400 ba, kuma hukumar ta amsa an sami matsalar na'ura, aka sake wa kusan mutum 380,000. To, tsoron irin wannan ne yake sa wani yaro ya ƙaurace wa barci da wasa, ya kwana tsaye da goro da kofi, wani ma har da ƙwaya. Wannan kuskure ne babba.

Ka sani cewa jikinka amana ce. Bukhari ya ruwaito cewa Salmanu ya tarar da Abu Darda'i yana azumi da rana, yana tsayuwa da dare, sai ya tilasta masa ya ci abinci ya yi barci, ya tuna masa cewa Ubangijinsa da ransa da iyalinsa kowa yana da haƙƙi a kansa. Da labari ya kai ga Annabi (S.A.W.) sai ya gaskata Salmanu. In an hana wuce iyaka cikin nafila, ina ga karatun jarrabawa?

Abdullahi ɗan Mas'udu ranar Alhamis yake yi wa mutane wa'azi. Aka roƙe shi ya riƙa yi kullum, ya ƙi, don gudun kada su ƙosa, ya ce haka Annabi (S.A.W.) yake lura da su. Annabi da kansa ya yi tsere da Nana A'isha, ya kuma bar Habashawa suna wasa da māsu cikin masallaci. Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya yi gargaɗin cewa hana yaro wasa bayan ya taso daga makaranta yana kashe masa zuciya, yana dushe basirarsa. Dubi makarantunmu na allo ma, ai Alhamis da Juma'a hutu ne tun kaka da kakanni.

Likitoci sun tabbatar da cewa cikin barci ne ƙwaƙwalwa take daidaita abin da aka karanta da rana, ta adana shi. Sun ce mai shekara 13 zuwa 18 yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10. Watau wanda ya kwana yana bita ya shiga ɗakin jarrabawa, ya zuba ruwa ne a kwando.

Saboda haka ka kiyaye waɗannan:

1. Ka fara bita tun da wuri, kaɗan-kaɗan. Ba a kiwon akuya ranar kasuwa.
2. Ka yi karatu mai nauyi bayan Asuba, ka ɗan kishingiɗa da rana.
3. Bayan La'asar ka fita ka motsa jini: ƙwallo, langa, tsere ko hawan keke.
4. Kada wasa ya kai ka ga jinkirta salla, ko buɗe al'aura, ko zagi da faɗa.
5. Ka nisanci cacar ƙwallo ta waya, haram ce. Latsa waya har tsakar dare kuwa gajiya yake ƙarawa.
6. In damuwa ta hana ka ci da barci, gaya wa mahaifinka ko malaminka, a kai ka asibiti.

Kai kuma da kake da ƙanne, ko kake koyarwa a aji, ka ji tsoron Allah game da su. Kada ka cinye musu lokacin tara da ƙarin darasi, kada ka kori yaro daga fili da bulala don jarrabawa ta matso. Ka tsara masa lokaci, ka ƙarfafa masa gwiwa.

Yi iyakar ƙoƙarinka, ka guji satar amsa, sannan ka dogara ga Allah. Wanda ya faɗi bana yana iya sakewa baɗi, amma lafiyar da aka ɓata, gyaranta sai an sha wuya.

Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya sa mu dace, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.